Takarda, waya ko memori: da wanne amaryar ƙauye za ta raba dare?

Autarmu ta tare bayan babbar salla, a wani ƙauye da ke bayan Taura, irin wanda mota ba ta shiga da zarar ruwan Agusta ya zauna. Sati uku da tarewarta ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa don kada surukarta ta ji.

"Yaya, shirun garin nan ya ishe ni. Shi tun asuba yana gona, in ya dawo ya ci tuwo sai dandali. Akwai dubu goma da na ɓoye cikin kuɗin gudummawa. Littattafai zan sa a sayo mini, ko data zan riƙa sawa in shiga guruf ɗin marubuta, ko kuwa memori zan bayar a cika mini da na saurare?"

Na ce, "Auta, ba ni kwana biyu."

Shekara 14 ke nan ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare, kuma cikin ukun nan babu wanda ban ɗanɗana ba. Na yi hayar littafi ina budurwa, ina cusa shi cikin littafin lissafi. Na biya kuɗin guruf har na manta adadinsu. Yanzu da hidimar gida ta yi yawa, rabin karatuna da kunne nake yin sa. Abin da na gaya mata shi zan maimaita a nan da ɗan ƙari, don ko a makarantarmu malamai mata biyu sun yi mini irin wannan tambaya.

Inda ake fara kuskure shi ne a ɗauka labari ɗaya ne aka zuba a ƙwarya uku, mutum ya duba wadda ta fi arha ya ɗauka. Ba haka ba ne, kowace ƙwarya da irin furarta. Labarin da za ki samu a takarda yau ba shi ake yayi a waya ba, kuma wanda yaron shago zai tura miki a memori ba lallai ne ke kika zaɓe shi ba.

Mu fara da takarda, tunda ita ce babba.

Duk mai zuwa kasuwar Gujungu ran Lahadi, ko Wudil ran Juma'a, ya san irin dattijon nan mai shimfiɗa buhu ya jera littattafai ya danne su da duwatsu saboda iska. A gaba izu-izu ne na Alƙur'ani, da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Ishiriniya. Sai kin durƙusa kin gaishe shi, kin ce, "Baba, babu na hikaya?" sannan zai jawo wani kwali daga bayansa. Abin da ke cikin kwalin nan kusan duk tsofaffi ne, na shekarun 1990 da farkon 2000, rana ta cinye launin bangonsu. Za ki ga na ɗaya da na uku, na biyu babu. In kin yi magana ya ce, "Ai 'yata, na biyun ne ya fi daɗi, shi ya sa aka riga ki."

Dalilin da ya sa sababbi suka yi wuya a fili yake. Yawancin takardar da ake buga littafi da ita a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da kowa, ga darajar naira ta zube tun 2023, ga kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar. Marubuciyar da a da za ta kai rubutunta maɗaba'a, ta raba wa 'yan kasuwa, ta zauna jiran ciniki, yanzu ta gane in ta saka shi a waya babu kuɗin takarda, babu bin bashi shago-shago. Saboda haka mai son zaɓi na gaske a takarda sai ya yi saƙo Kano: na hikaya a Sabon Gari wajen Bata, na addini a Kurmi.

To me ake samu a ciki? Iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai na Zariya, waɗanda asalinsu ke komawa ga gasar rubutu ta 1933 da abin da ya biyo bayanta. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa a 1937, kuma har gobe ana buga shi, ana sa shi a makarantu. Kwafin da ke ɗakina na mahaifinmu ne, ya girme ni, an ɗinke bayansa da zaren buhu, amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Ina son mai waya ya nuna mini abin da ya ajiye a cikinta shekara 10 kacal. Irin waɗannan an tace Hausarsu, an duba ƙa'idar rubutu, ƙ tana nan da ƙugiyarta, ɗ da ɓ haka. Sai kuma waɗanda masana suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, na soyayya da zaman aure da kishi, da na yaƙi da aljanu da samari ke so. Waɗanda suka yi budurci lokacin da In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991 sun san yadda littafi ɗaya kan zaga unguwa har ya dawo babu bango. Waɗannan Hausarsu ta baka ce, mai daɗin bi, sai dai gyaran rubutu ya danganta da marubuci: wani ya kula, wani ko oho.

Abu ɗaya da ya kamata amarya ta sani: littafin takarda ba ya ɓuya. Miji zai ga bangonsa, suruka za ta gani, ƙanin miji ɗan sakandare zai buɗa. Haka yake tun daga sama. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, har ƙone littattafan soyayya aka yi a wata makarantar 'yan mata a Kano, kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta sa ido a kan marubuta. Ni ban ga hikimar ƙona littafi ba, amma ba wannan ce maganarmu yau ba. Abin nufi, rubutun da ya san idanu da yawa za su bi ta kansa yakan yi kunya. Da wuya ki sayi bugagge ki ci karo da abin da zai sa ki rufe shi da sauri don yaro ya shigo.

Littafin takarda ba ya cin caji, ba ya neman sabis, kuma an gama rubuta shi kafin ya zo hannunki, matuƙar kin haɗa kashinsa duka. Kina iya ba da shi musaya ki karɓi wani, wato littafi biyar-biyar a hannun masu karatu biyar ya zama ashirin da biyar. Illarsa kuwa, yana son hannu biyu da haske. Ga saurin ƙarewa: waɗannan sirara na kasuwa, mai saurin karatu dare ɗaya ta cinye guda. Ga aro, wanda kowa ya san hanyar tafiya ya sani, bai san ta dawowa ba. Sannan ga gara.

A ambaliyar 2022 ruwa bai shiga ɗakina ba, danshi kawai ya hau bango. Akwatin ƙarfen da na tara littattafai tun ina aji uku yana ƙarƙashin gado, na ce ai ƙarfe ne. Bayan kaka na jawo shi don in ba wata ɗalibata aro. Murfin ya buɗe da ƙyar. Na sama suna nan lafiya lau, na ɗaga guda huɗu, na biyar ya taho a hannuna kamar ƙosai, bango ne kawai, cikinsa jar ƙasa. Ashe tsatsa ta huda gindin akwatin, gara ta gina gidanta tun daga ƙasa har tsakiya. Na zauna a dandaɓe ina tsintar rabin shafuka, ina karanta rabin zance. Tun ranar, littafi a gidana a rataye yake kwana, cikin leda, cikin jaka, a jikin ƙusa.

Sai waya. Duk wanda ya tambaye ni me masu karatu ke karantawa yanzu, amsar gaskiya a nan take. Sabon labari a waya ake haihuwarsa.

Ga yadda abin yake ga wadda ba ta taɓa shiga ba. Marubuciya za ta fara sakin shafuka kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kullum ɗaya, har ki saba da mutanen labarin kamar 'yan gidanku. Daidai ranar da aka kai amarya gidan da ba ta so, ko aka buɗe ƙofa aka ga wanda ake zaton ya mutu, sai ki ga an rubuta cewa shafukan kyauta sun ƙare. Ga lambar asusu, ga inda za a tura shaidar biya, har da lambar da mutanen Nijar za su tuntuɓa. Waɗanda na biya yawanci tsakanin N300 ne zuwa N1,000. A ƙauye sai ki ba yaro ya kai wa mai POS, ko ki sayi katin waya ki ɗauki hotonsa ki tura, in marubuciyar tana karɓa. Daga nan a jefa ki guruf, ki shiga layin jiran ci gaba. Akwai kuma manhaja irin ArewaBooks, inda ake saye a karanta a ciki.

Me ake rubutawa? Soyayya tana nan daram, amma ta sauya riga. Gidan sarauta da makircin fada suna tashe. Auren haɗi tsakanin attajiri mai girman kai da 'yar talakawa mai tsiwa, wannan ba ya tsufa. Jarumi in ba soja ba ne to likita ne, in ba haka ba ɗan kasuwa mai jirgin kansa. Amma a cikin tarin nan akwai masu taɓo abin da bugaggun da ba su kai gare shi ba, don a zamaninsu bai zo ba ko ba a iya faɗa: garkuwa da mutane, shaye-shayen matan aure, fyaɗen da ake rufewa a cikin dangi, 'yan matan da ake kai wa aikatau ƙasashen Larabawa, zawarci da yadda ake kallon bazawara. Na karanta wani a bara a kan matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas shekara huɗu babu aike, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don na san matar, tana nan a kowane layi na garinmu. Masu cewa rubutun matan yanzu duk shirme ne ba su bibiya. Ko gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta isa shaida cewa akwai masu alƙalami.

Daɗin da waya ta fi kowa shi ne taro. Ba ke kaɗai kike karatu ba. Shafi na sauka, sharhi zai fara zuba, a rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, a yi ta musu har sha biyun dare tsakanin matar da ke Gumel da wadda ke Damagaram da wadda ke Jidda. Ga amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san shi ne ainihin abin da ke jan Auta. Sai dai taron nan yana da nasa sharrin a kan labarin kansa. Marubuciya tana karanta sharhi, in ta ga an fi son mugun sai ta shiryar da shi dare ɗaya, in ta ga ciniki na tafiya sai ta ja labarin da ya isa ƙarewa a shafi 40 ya kai 120. A nan ne ake samun jarumar da aka sace sau uku.

Kuma ba kowane ake gamawa ba. Na taɓa biyan wani, muna tsakiyar rikici, marubuciyar ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Muka yi mata jaje. Bayan wata biyu ta ce biki ake a gidansu. Yau shekara biyu ke nan, jarumar tana nan kwance a asibiti ba ta farfaɗo ba, kuɗinmu ma haka. Ban ce da gangan ta yi ba, rayuwa ce, wataƙila ita ma abin ya fi ƙarfinta. Su ma marubutan ana cutar su: littafin da aka sha wahalar bugawa da babban yatsa wata shida, ranar da aka gama wata za ta kwashe shi ta watsa kyauta, duk da "ban yafe ba" da aka rubuta a saman kowane shafi.

Kuɗin littafin shi ne ƙaramin kashi a lissafin. Rubutu zalla ba ya cin data sosai, guruf ɗin ne ke ci: hotuna, bidiyon biki, tallan atamfa da kayan mata, saƙon murya na minti bakwai. In ba ki kashe saukar da kai-tsaye ba, datar sati za ta tafi a kwana biyu, balle tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a farkon 2025. Sai caji. Babbar waya in ana karatu da ita ba ta wuce yini, kuma a garin da babu wutar gwamnati kullum sai an kai ta shagon mai janareto ko mai sola, a biya, ta yini a can cikin wayoyi hamsin. Amarya ba ta fita, ƙanin miji za ta ba, shi kuma sai ya gama kallon abin da ke ciki. Sai sabis, wanda a gidan Auta sai an je bayan rumbu an ɗaga hannu sama. Lissafa wannan duka a wata, za ki ga dubu goman ba ta ga watan uku ba.

Ga kuma abin da ni malama ya fi ci mini rai. Rubutun waya ya lalata wa yara hannu. Ina karɓar jinga in ga "xuciya" da "qauna", an haɗe kalmomin da ke rabe, an raba na haɗe, rabin jimla Turanci. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Ringim ba tana rubuta mini insha'i a kan ranar sallarta, wai sun ci abincin da ko sunansa ba ta iya faɗa ba. Na san inda ta samo shi. Batsa kuma ba sai na tsaya bayani ba. Tana nan, da yawa, wasu ma da ita suke talla. Waya ba ta da bango, babu mai ganin abin da kike karantawa, kuma wasu marubutan sun san haka.

Dawwama kuwa babu. Waya ta ɓata a kasuwa, ko ta cika a goge, shi ke nan. Hatta manyan rumbunan ba su da tabbas: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023.

In duk da haka zuciyarki na wajen waya, to ga abin da wahala ta koya mini. Kada ki biya littafin da ake kan rubutawa sai in marubuciyar ta taɓa gama wasu kin gani da idonki. Ki nemi kammalalle, ki saukar da shi sau ɗaya, ki kashe data ki karanta abinki. Ki karanta shafukan kyauta da idon basira, don mai niyyar batsa ba ta iya haƙuri, tun a shafi na uku take nuna hali. Kuma ki saya wajen mai shi.

Na uku shi ne wanda 'yan boko ke rainawa, ni kuwa a ƙauye shi na fi ganin yana aiki: saurare. Masu karanta littattafai da murya sun cika YouTube, masu shagon caji su saukar, su tura wa mutane a memori a kan kuɗi kaɗan. Ba ya buƙatar babbar waya. Ƙaramar nan mai madannai, wadda samari ke kira rakani-kashi, tana ɗaukar memori kuma cajinta na kwana uku. Akwai ma 'yar rediyo mai ramin memori da faifan sola a bayanta, a jingina ta a rana da hantsi, ta yi aiki har dare. Wasu gidajen rediyon Kano da Jigawa su ma suna da filin karanta littafi, wannan kyauta ne, sai dai lokacinsu za ki bi ba naki ba.

Falalarsa ɗaya ce amma ta rinjayi da yawa: hannunki a sake yake. Matar ƙauye yaushe ta zauna? Surfe, tankaɗe, wanki, ɓarar gyaɗa, tsinkar zoɓo da kaka, ɗinkin hula. Duk wannan ana yi labari na tafiya. Kuma yana shigar da waɗanda ba su yi boko ba. Tsohuwar da ba ta san bihim ba a rubutun boko sai ki ji tana gyara wa jaruma zance, tana cewa, "Kayya, yarinya, da kin yi shiru."

Amma wannan buɗewar ita ce haɗarinsa. Wata rana da kaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da Gwaggo, yayar mahaifin maigidana, da matan ƙannensa biyu. Na kunna wani da yaron shago ya tura mini, ya ce kowa shi yake nema. Kwana biyu muna bi lafiya, labarin marainiya ne, har Gwaggo ta yi ƙwalla. A rana ta uku aka kai marainiya ɗakin miji, sai mai karatu ya sassauta murya ya shiga bayanin da ko a bakin ungozoma ban taɓa ji ba. Wayar tana can kan turmi, hannuna cike da ɓawo, zanina ya harɗe. Kafin in kai gare ta an yi nisa. Tsakar gida ta yi tsit, ban da kaji. Gwaggo ta karkaɗe faifanta a hankali, ba ta dube ni ba, ta ce, "'Yar nan, wannan wa'azin na wane malami ne?" Sati guda ban iya haɗa ido da ita ba.

Saboda haka dokar memori ita ce, abin da ba ki riga kin saurara ke kaɗai ba, kada ki kunna shi a tsakar gida. Kuma ki faɗa wa mai turawa sunan abin da kike so, kada ki ce "zuba mini masu daɗi", don daɗinsa daban naki daban. Ki sa ya duba cewa kashin ya cika har ƙarshe. Ki kula da jeri: ƙananan wayoyin nan sukan jera 1, sai 10, 11, 12, sannan 2 ta biyo baya can ƙasa. Na taɓa jin an yi suna kafin a ɗaura aure, na yi ta salati, ashe laifin wayar ne. Murya ma abin dubawa ce. Mai karatu nagari yana ƙara wa labari gishiri, wani kuwa kamar yana karanta sanarwar ɓatan akuya. Yanzu har an fara samun waɗanda na'ura ce ke karantawa, ba ta san bambancin kukan yaro da miyar kuka ba, ba ta san garin tuwo da garin mutane ba. Minti biyar kai zai ɗau ciwo. Sannan a sani, sau da yawa marubucin ba ya samun ko sisi daga abin da aka tura miki a shago, wani lokaci ma ba a nemi izininsa ba.

Inda saurare ya gaza gaba ɗaya shi ne ido. Ba ya koya miki rubutu, ba ya riƙe miki karatun da kika yi. Na ga 'yan mata da suka gama sakandare da kyau, shekara uku a ɗaki ba su buɗe komai ba, sai ga shi takardar asibiti ma da ƙyar suke haɗa ta. Auta kuwa an yi da mijinta tun kafin aure cewa za ta nemi NCE.

Da kwana biyun suka cika na kira ta. Na ce in da a Dutse take ko Hadeja, ga wuta ga sabis, kuma ta riga ta cinye tsofaffin littattafai tana neman sabon jini, da waya zan ce, da sharuɗɗan da na lissafa. In da kuma ba ta yi makaranta ba, ko tana da goyo da surfen gida goma, da memori kawai zan ce ta tsaya a kai. Amma ita ga yadda take: amarya, ɗaki ɗaya, aiki bai yi yawa ba tukuna, gari babu wuta, sabis a bayan rumbu, damina ta rufe hanya, ga burin komawa makaranta.

"Saboda haka ki raba kuɗin uku. Kashi biyu na takarda ne. Kada ki saya a gutsure, sai wanda na ɗaya har na ƙarshe suke ɗaure tare, kuma ki sa na Zariya ko biyu a ciki. Kashi ɗaya ki sayi memori mai kyau, ni zan zaɓa miki abin da za a zuba, wanda na riga na ji da kunnena. Guruf kuwa ki bari sai rani, in an sayar da riɗi mijinki ya saya muku sola."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ke dai kawai ba kya son in shiga guruf."

Na ce, "Ina so mana. Ranar da kika shiga ki gaya mini ko waccan ta farfaɗo daga asibiti."

Ran Lahadi na ɗaure mata guda shida daga cikin waɗanda gara ta bar mini, na rubuta sunana a gefen kowanne da jan biro, na sa a leda biyu, na cusa cikin jakar daddawa da kuka, na ba direban da ke bi ta Gujungu ya miƙa wa mai babur ɗin garinsu. Memorin ya bi baya da sati ɗaya.

Shekaranjiya ta kira. Wai yanzu surukarta ce ke aiko yaro bayan la'asar a ce Inna na tambaya ko rediyon ta yi caji, a zo a ji inda aka kwana. Littattafan kuma huɗu suna wajenta, ɗaya yana gidan liman wajen amaryarsa, ɗayan an ce wata ta tafi da shi biki Garki, za ta dawo da shi in ruwa ya janye.